Link Wray, Mutumin Da Ya Huda Sifikarsa Da Fensir

Jama'a, sabuwar sifikar jita na saya, aka ce in riƙa kaɗa ta a hankali har takardarta ta saki. Nan na tuna da Link Wray, wanda bai san wannan haƙurin ba.

An haife shi a Amurka a 1929. Tarin fuka ya sa aka cire masa huhu ɗaya, sai ya rungumi jita. Da fensir ya huhhuda sifikarsa don ta yi gurnani, ya fitar da Rumble a 1958. Kiɗa ne zalla, ba waƙa, amma wasu gidajen rediyo suka hana sa shi, wai zai tunzura matasa faɗa. Ya mutu a Denmak a 2005.

Ni dai wallahi tawa ba ta ganin fensir, da gumina na saye ta.