Sir Abubakar Tafawa Balewa da nauyin gobe

'Yan uwa, duk mai zuwa kasuwar Wunti ko Muda Lawal ya riƙe naira biyar, ya ga fuskar mutumin nan. Kabarinsa kuma yana nan cikin garin Bauchi, amma da yawanmu da muka zo neman halali ba mu taɓa leƙawa ba.

An haife shi a 1912 a garin Tafawa Balewa, ba ɗan sarki ba ne. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya dawo ya koyar a Midil ta Bauchi. A lokacin ne ya rubuta littafin Shaihu Umar, labarin yaron da aka sace, aka raba shi da uwarsa, aka ƙetara Sahara da shi, amma ya tashi malami mai haƙuri. A 1957 ya zama Firayim Minista.

Abin da ya sa na kawo shi yau shi ne damuwa. Wani cikinmu bashin buhu goma ke hana shi barci, yana sallah yana lissafi. To shi ƙasa guda aka ɗora masa. Rikicin Yamma a 1962, rigimar ƙidaya, sai zaɓen Disamba 1964, wanda bayansa Azikiwe ya yi kwanaki bai kira shi ya kafa gwamnati ba. Duk da haka an san shi da magana a natse, ba gaggawa. In ya sami hutu, gida yake dawowa, ya shiga gonarsa. Akwai sanannen hotonsa zaune a ƙasa da 'ya'yansa suna shan rake.

A ganina, rabin zullumin ɗan kasuwa tsoron rasa abin da ya tara ne. Shi kuwa bai tara ba, balle ya kwana yana gadi. Wasu na cewa sanyinsa ya yi yawa, musamman kan rikicin Yamma na 1965, kuma maganarsu abin dubawa ce. Amma bai bar aikin da ke gabansa ba. Kwana uku kafin ƙarshe yana Legas yana jagorantar taron ƙasashen rainon Ingila kan Rodeshiya.

Ranar 15 ga Janairu 1966 sojoji suka ɗauke shi. Bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abeokuta, aka kawo Bauchi aka binne. Allah ya jiƙansa, ya kyauta namu zuwan.