Ummu Kulsum: yarinyar da ta fara waƙa cikin tufafin maza

Jama'ar Arlit da Akokan da ƙauyukan kewaye, da 'yan uwa da ke Tamanrasset da Sabha, yau tarihin Ummu Kulsum ta Masar muka kawo muku. Da yawanmu mun taɓa jin muryarta a rediyo ko a gidan shayi, amma kaɗan ne suka san yadda ta fara.

An haife ta wajen shekarar 1900 a ƙauyen Tamay al-Zahayra. Mahaifinta, Malam Ibrahim, limamin ƙauyen ne, talaka, yana yabon Annabi a wajen biki don ya samu na cefane. Yana koya wa ɗansa Khalid, ita kuma tana gefe tana haddacewa. Da ya ji ƙarfin muryarta sai ya fara fita da ita. To amma a lokacin abin kunya ne 'yar malam ta tsaya gaban maza tana waƙa. Sai ya sa mata rigar maza, ya rufe mata kai irin na samarin makiyayan Larabawa. Haka ta yi shekaru tana zagaya ƙauyuka.

A farkon shekarun 1920 ta koma Alƙahira. Can ta ajiye kayan maza, ta fito da sunanta. Da aka buɗe rediyon gwamnatin Masar a 1934 tana cikin waɗanda suka fara waƙa a ciki. Daga baya, duk Alhamis ta farkon wata, tituna kan yi tsit saboda mutane sun kewaye rediyo. A 1967 ta yi wasa a zauren Olympia na Paris, ta kuma tara wa ƙasarta kuɗi bayan yaƙin shekarar. Ta rasu ranar 3 ga Fabrairu 1975, lokacin Arlit tana sabon gari. Miliyoyin mutane suka raka gawarta.

Kun ga, rigar nan dabarar uba ce. Ya ji tsoron bakin mutane, amma bai yarda ya binne baiwar 'yarsa ba. Mu nan Ayar mun san mata ne ke kaɗa tende da imzad tun kaka da kakanni. Duk da haka akwai gidajen da yarinya mai murya ke yin shiru. Iyaye, mu duba. Allah Ya jiƙan magabata.