Taƙaitaccen Tarihin Polly Hill da Ma'aunin Arzikin Ƙasa

An haifi marigayiya Polly Hill a garin Kambirij na ƙasar Ingila cikin shekarar 1914. Mahaifinta masanin kimiyya ne, kawunta kuwa shi ne John Maynard Keynes, wanda tunaninsa ya ƙarfafa al'adar ƙidaya arzikin ƙasashe. Ita ma ilmin tattalin arziki ta karanta.

Ma'aunin da masana suka fi dogara da shi shi ne jimillar darajar kaya da ayyukan da aka samar a cikin ƙasa a shekara guda. Da shi ake kwatanta ƙasa da ƙasa, da shi kuma hukuma take tsara kasafi. To amma ƙidayar ba ta inganta sai an san abin da aka samar. A nan ne wannan baiwar Allah ta sa alamar tambaya.

Bayan ta yi nazarin manoman koko a Gana, sai ta zo ƙasar Hausa. Ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, sannan a Ɗorayi ta Kano a 1971 da 1972. Ɗorayi ta wancan zamani tana cikin karkarar nan mai cunkoson jama'a da ta kewaye birni, irin ta Ungogo da Minjibir, inda gona ba ta hutawa, taki ne kawai yake riƙe da ita.

Gani ya kori ji. Ta tarar matan kulle suna gudanar da babban ciniki na hatsi da abinci daga cikin gida ta hannun yara 'yan talla, alhali malaman ƙididdiga ba su san da shi ba. Haka kuma ta nuna cewa manoma ba ɗaya suke ba: wani rumbunsa yakan kai damina, wani kuwa sai ƙwadago. Matsakaicin lissafi yakan ɓoye wannan bambanci. Littafinta na 1986 ya soki dogaro da alƙaluman hukuma marasa tushe.

Ta rasu a 2005. A 2014 Nijeriya ta sabunta lissafinta, jimillar ta kusa ninkawa, ta kai kimanin dala biliyan 510, ba tare da an ƙara ko dami ɗaya a rumbun manomi ba. Saboda haka ya kamata ɗalibi, kafin ya amince da alƙaluma, ya tambayi wa aka ƙidaya, wa aka manta.