Nana Asma'u, Malamar Matan Kulle

Ƴar'uwa mai karatu, ko kin san Shehu Usmanu ɗan Hodiyo ya taɓa zama nan Agadas? Ya zo neman ilimi wajen Malam Jibril ɗan Umaru. To, yau labarin ɗiyarsa Asma'u za ki karanta.

An haife ta a Degel a shekarar 1793. Tagwaye ne, ita da Hasan. Ta iya Larabci da Fillanci da Hausa, har da Tamajak. Da ta girma, ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin Sakkwato.

A zamanin nan matan aure da yawa suna cikin kulle. Ba su fita, balle su tafi makaranta. Yaya ilimi zai iske su cikin ɗaka?

Ga dabarar Nana. Ta zaɓi dattijai mata masu hankali, ta ba kowacce malfa da jan rawani. Ana ce musu jaji. Jaji takan taso daga ƙauyensu da ƙafa, tsofaffi da ƴan mata suna biye. Su zauna gaban Nana, su haddace waƙoƙin da ta tsara kan salla da tsarki da kyawun hali. Waƙa kuwa, kin sani, ba ta wuyar riƙewa, ko ana daka ana rera ta. In sun koma, sai su shiga gida gida, inda baƙon namiji ba ya shiga, su koyar. Su ne Ƴan Taru.

Nana ta rasu a 1864. Kabarinta yana Hubbare a Sakkwato, kusa da na mahaifinta.