Tarihin Ibn al-Haytham, malamin Basra da ya warware yadda ido ke gani

A yau da wuya ka je biki ko suna a zango ba ka ga matasa sun ɗaga waya suna ɗaukar hoto ba. Wasu ma sun wuce nan. Sukan sayi ɗan gilashi su maƙala a kan idon kyamarar wayar don ya jawo abin da ke nesa, wasu kuma su nemo adafta su haɗa wayar da babban gilashin nan na kyamarar masu sana'ar hoto, wanda ake kwancewa a sauya wani. Tun da gilashin waya ba ya cirowa, irin wannan adafta tana da wani faifan gilashi mai hazo-hazo a cikinta. Babban gilashin yana jefa hoto a kan faifan, ita kuma waya ta ɗauki abin da ya faɗa a kai. To amma hoton yakan fito a kife, kai a ƙasa ƙafa a sama, sai an juya shi. Tushen bayanin wannan al'amari yana cikin aikin wani malami da ya rayu shekara dubu da suka wuce, shi ne za mu kawo muku tarihinsa yau.

Sunansa Abu Ali al-Hasan ibn al-Hasan ibn al-Haytham. An haife shi a Basra ta ƙasar Iraƙi wajajen shekarar 965 Miladiyya, wato 354 bayan Hijira. A lokacin halifan Abbasiyya yana Bagadaza, amma ikon gaske yana hannun sarakunan Banu Buwaihi. Basra gari ne na malamai da fatake, kuma an riga an fassara littattafan Girkawa na lissafi da likitanci da ilmin taurari zuwa Larabci. A kansu ya tashi, har ya yi suna a lissafi da ilmin awo.

Labarin zuwansa Masar ya zo mana ne ta hannun Ibn al-Ƙifti, masanin tarihi da ya rasu a 1248. Kogin Nilu ne rayuwar Masar. In ya cika daidai a samu amfanin gona, in ya gaza a shiga yunwa, in kuma ya wuce kima ya cinye gonaki da gidaje. Sai labari ya kai wa halifan Faɗimiyya, al-Hakim bi Amrillah, wanda ya yi mulki daga 996 zuwa 1021, cewa akwai wani malami a Basra da ke cewa zai iya yin wani aiki a kan kogin da zai daidaita ruwansa ko wace shekara. Halifa ya aika masa da kuɗi ya gayyato shi, ya fita bayan gari da kansa ya tarye shi, ya haɗa shi da magina suka nufi kudu.

Tun a hanya jikin malamin ya fara sanyi. Ya ga manyan gine-ginen mutanen da a bakin kogin, ya lura cewa waɗanda suka yi su gwanaye ne na ƙarshe, kuma da abin mai yiwuwa ne da sun riga shi. Da ya isa wajen duwatsun da ke kudu da Aswan ya auna faɗin ruwan da ƙarfinsa, sai ya tabbatar cewa kayan aikin zamaninsa ba za su iya ba. Ai kuwa ya yi gaskiya, domin sai a 1902 aka kammala madatsar ruwa ta farko a Aswan, babbar kuma sai 1970.

Komawa wurin al-Hakim da wannan magana ba ƙaramin abu ba ne. Sarki ne da aka sani da saurin fushi, ya kashe waziransa da manyan ma'aikatansa da dama. Duk da haka Ibn al-Haytham ya koma ya faɗa masa cewa aikin ba zai yiwu ba. Halifa ya ba shi wani muƙami a fada, amma hankalin malamin bai kwanta ba. Don ya tsira da ransa sai ya ƙirƙiro hauka. Aka riƙe dukiyarsa, aka tsare shi a gida aka sa masa masu gadi. Haka ya zauna har shekarar 1021, lokacin da al-Hakim ya fita da dare zuwa dutsen Muƙaddam bai sake dawowa ba. Daga nan malam ya ajiye haukan ƙarya, aka mayar masa da kayansa, ya tare kusa da masallacin Azhar. Abincinsa kuwa daga alƙalaminsa yake fitowa: duk shekara yakan kwafi littafin Uƙlidis na ilmin awo da babban littafin Batlamus na taurari da hannunsa, ya sayar, ya ci da kansa.

Babban aikinsa shi ne Kitab al-Manazir, littafi mai kashi 7 a kan haske da gani. Kafin shi masana sun rabu. Uƙlidis da Batlamus, da al-Kindi a cikin Musulmi, suna ganin cewa wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓa abu, sannan a gan shi. Mabiya Aristotil kuma suna cewa surar abu ce ke shigowa ido, amma ba su da lissafin da zai nuna ta yaya. Ibn al-Haytham ya kawo hujjojin da kowa zai iya dubawa. Wanda ya kalli rana idonsa zai yi zafi. Wanda ya daɗe yana kallon wuta sannan ya juya wajen duhu, zai ci gaba da ganin alamarta na ɗan lokaci. Kun ga ke nan wani abu ne daga waje ke yin tasiri a kan ido. Sai ya kafa bayaninsa cewa haske yana fitowa daga kowane ɗigo na jikin abu, yana tafiya a miƙe ta ko'ina, wani sashensa ya shiga ido.

Bai tsaya ga hujjar baki ba. Yana da kalmar da yake amfani da ita, i'tibari, wato a shirya kayan aiki a gwada abu a gani. Ga ɗaya daga cikin gwaje-gwajensa: ya jera fitilu a gaban wata 'yar kafa da ke buɗewa cikin ɗaki mai duhu. A bangon da ke fuskantar kafar sai aka ga ɗigon haske daidai adadin fitilun, kowane yana kan layi miƙaƙƙe da fitilarsa. In ya rufe fitila ɗaya, ɗigonta kaɗai ke ɓacewa, in ya buɗe ya dawo. Wannan ya nuna cewa hasken fitilun duk ya ratsa ƙaramar kafa ɗaya ba tare da ya cakuɗe ba. A nan ne fa sirrin hoton da ke kifewa yake. Hasken da ya fito daga sama, in ya bi ta kafar a miƙe, ƙasan bango zai sauka, na ƙasa kuma ya tafi sama. Faifan nan mai hazo na cikin adafta matsayin bangon ɗakin yake. Ya kuma rubuta wata maƙala a kan husufin rana, inda ya bayyana dalilin da ya sa hasken da ya shigo ta ƙaramar huda yake zana siffar jinjirin wata a lokacin husufi.

Kashi na 4 zuwa na 6 na littafin suna magana a kan madubi, miƙaƙƙe da mai lanƙwasa. Kashi na 7 kuma a kan yadda haske ke karyewa in ya fita daga iska ya shiga ruwa ko gilashi, har ya ambaci yadda ɓangaren ƙwallon gilashi ke ƙara girman abu. A wata maƙalar ya nuna cewa ƙwallon gilashi ba ya tara hasken da ya ratsa shi a ɗigo guda. Wannan matsala ita ce har gobe masu ƙera gilashin kyamara suke fama da ita, shi ya sa suke jera gilasai da yawa a bututu ɗaya don wani ya gyara kuskuren wani. Shi ya sa kuma ɗan gilashi mai arha da ake maƙalawa a waya yakan ba da hoto mai dishi-dishi.

Adalci ne mu faɗi iyakar aikinsa. Akwai masu yaɗawa cewa shi ya ƙirƙiro kyamara, har suna cewa kalmar daga Larabci take. Kalmar dai daga Latin aka samo ta, ma'anarta ɗaki. Masanan Sin da na Girka sun lura da hoton da ke shiga ta huda tun kafin shi. Ibn Sahl ya riga shi rubutu a kan karyewar haske wajajen 984. Kuma shi ya ɗauka cewa ƙwayar da ke gaban ido ce ke karɓar gani. Sai a 1604 Johannes Kepler ɗan Jamus ya nuna cewa hoton a bangon bayan ido yake sauka, kuma a kife. Abin da ya bambanta Ibn al-Haytham shi ne ya haɗa lissafi da gwaji da sanin halittar ido wuri guda, ya ba da tsarin da na bayansa suka yi gini a kai. Ko Batlamus da yake ci da kwafar littafinsa bai ƙyale shi ba, ya rubuta littafi guda a kan wuraren da ya ga maganarsa tana karo da juna.

Ya rasu a Alƙahira wajajen 1040, wato 430 bayan Hijira. An lissafa masa rubuce-rubuce sama da 90, fiye da 50 daga ciki sun iso gare mu. Wajajen 1200 aka fassara al-Manazir zuwa Latin, Turawa suka san shi da sunan Alhazen. Roger Bacon da John Pecham na Ingila da Witelo duk daga gare shi suka sha. A ƙasar Farisa kuma Kamal al-Din al-Farisi ya yi wa littafin sharhi mai suna Tanƙih al-Manazir, ya yi amfani da ƙwallon gilashi cike da ruwa ya bayyana yadda bakan gizo ke samuwa. A ƙarshen ƙarni na 13 aka fara yin tabarau a Italiya. A 1572 aka buga littafin a birnin Basel. A wannan ƙarnin ne Turawa suka fara sa gilashi a hudar ɗakin duhu don hoton ya ƙara haske, sai kuma wajajen 1826 Nicéphore Niépce na Faransa ya samu hanyar tsayar da hoton a kan faranti. A yau akwai wani rami a duniyar wata mai sunan Alhazen, Iraƙi ta taɓa sa hotonsa a takardar dinari 10,000, kuma a 2015 hukumar UNESCO ta karrama shi a Shekarar Haske ta Duniya.

Iyaye da malamai 'yan uwana, gwajinsa ba ya bukatar kuɗi. A samu kwali, a huda gefe ɗaya da allura, a yanke taga a ɗaya gefen a manna farar takarda mara kauri. A shiga ɗaki mai duhu a kunna kyandir a gaban hudar, yaro zai ga harshen wutar a kife a kan takardar. A dai gargaɗe su kada su kalli rana kai tsaye, balle ta cikin gilashi, domin tana iya lalata ido. In yaron ya tambayi dalilin kifewar, kada a yi saurin ba shi amsa. A ba shi fensir da rula ya ja layi daga saman wutar da ƙasanta zuwa hudar, zai gano da kansa. Allah Ya jiƙan malam Ibn al-Haytham, Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani.