Umaru Ganda: Ɗan Dakon Da Ya Ƙwace Labarinsa Daga Hannun Bature

Ranar 1 ga Janairun 1981, lokacin da jama'a ke ta gaishe-gaishen shiga sabuwar shekara, Allah Ya yi wa Umaru Ganda rasuwa a birnin Yamai sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 45 a duniya. Allah Ya jiƙansa. Idan yau aka tara matasanmu masu sha'awar fim, daga nan Narayi har Sabon Tasha, ko ma a can Kano cibiyar sana'ar, aka tambaye su ko wane ne wannan bawan Allah, da wuya a samu biyu cikin ɗari da za su ɗaga hannu. Alhali kuwa shi ne mutum na farko da ya ɗauki babbar kyautar silima ta nahiyar Afirka, kuma ba daga wata uwa duniya ya fito ba, maƙwabcinmu ne na ƙut da ƙut, ɗan Jamhuriyar Nijar. Wannan rashin sani ba laifin yaran ba ne. Namu ne, mu da muke riƙe da alƙalami.

An haifi Umaru Ganda, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Oumarou Ganda, a Yamai cikin shekarar 1935. Bazabarme ne. Ya yi karatun firamare a garin haihuwarsa, karatun bai yi nisa ba, domin yana ɗan shekara 16, wato a 1951, ya shiga aikin sojan Faransa. Aka ɗebe su da shi da sauran 'ya'yan talakawan Afirka ta Yamma zuwa yankin Indo-Cina, inda mutanen Biyetnam suka tashi haiƙan don korar mulkin mallaka. Mai karatu ya dubi wannan lamari da kyau: yaron da ƙasarsa ke ƙarƙashin Faransa, an ba shi bindiga ya je ya harbi wasu da ke neman fita daga ƙarƙashin Faransar. Ya yi kimanin shekara biyu a can. Faransa ta sha kashi a Dien Bien Phu cikin watan Mayun 1954, yaƙi ya ƙare, a 1955 kuma aka sallami Umaru daga soja.

Ya dawo gida bai tarar da komai ba. Babu aiki, babu sana'a, babu wanda ya damu da inda ya je ko abin da ya gani. Mu mutanen Kaduna, garin barikoki, ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba, domin kakanninmu da suka yi wa Ingila yaƙin Bama sun ɗanɗani irinta, kuma har gobe ana ganin tsofaffin sojoji suna jeka-ka-dawo a kan haƙƙinsu. Na Faransa ma abin ya fi muni, don a 1959 gwamnatin ƙasar ta yi dokar da ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ta mallaka, ta yadda Bafaranshe da baƙar fatar da suka kwanta rami ɗaya a fagen fama suka riƙa karɓar kuɗin da ko kusa ba su yi daidai ba. Sai bayan kusan shekara hamsin aka fara gyara wannan zalunci, lokacin da yawancin masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya.

Da zama ya gagara, sai Umaru ya bi sahun dubban 'yan Nijar masu tafiya cin rani gaɓar teku. Ya sauka a Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa, yana kwana a unguwar Treichville, matattarar baƙi da leburori. A nan ne ya haɗu da Jean Rouch, wani Bafaranshe da ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanya, daga baya ya koma nazarin al'adu da ɗaukar fim. Rouch na binciken yadda mutanen Nijar ke ƙaura zuwa kudu, sai ya ɗauki Umaru aikin tattara masa bayanai daga bakin 'yan ci-rani. Daga tambaya da rubutu, sai ga shi a gaban kyamara. Ya ɗan fito a wani gajeren fim a 1957, sannan a 1958 ya zama jigon fim ɗin da ya ɗaga sunan su biyun, wato Moi, un noir, ma'ana Ni, Baƙar Fata.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan wannan fim, domin yadda aka yi shi ne ya sa ya zama abin da ya zama. Rouch ya bi wasu samarin Nijar da ƙaramar kyamarar hannu, yana ɗaukar rayuwarsu ta mako guda: neman aiki da safe, dako, gidan rawa da bakin ruwa a ƙarshen mako. Samarin kowa ya ari sunan wani tauraron silimar Turawa. Umaru ya zama Edward G. Robinson, abokinsa ya zama Eddie Constantine, wani Tarzan, budurwar da ake rububi kuma Dorothy Lamour. To, kyamarar ba ta ɗaukar murya tare da hoto. Saboda haka bayan an gama haɗa hotunan, sai aka zaunar da Umaru a gaban majigi, aka ce ya yi magana a kan abin da yake gani. Ba a rubuta masa ko kalma ɗaya ba. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne ran fim ɗin: ba'a, fahariya, ƙorafi, mafarkin zama zakaran damben duniya, takaicin talaka mai kallon motocin wasu suna wucewa. Akwai inda wani Bature ɗan Italiya, ma'aikacin jirgin ruwa, ya ƙwace masa budurwa don ya fi shi kuɗi, suka dambace a cikin taɓo. A kusa da ƙarshe kuma ana ganinsa yana tafe a bakin ruwa, yana kwaikwayon yadda suka yi yaƙi a Indo-Cina, yana jifa da gurnetin da babu shi, yana faɗuwa ƙasa kamar wanda harsashi ya samu. Duk wanda ya ga wurin nan ya san ba wasa yake yi ba, tsohon miki ne yake sosawa.

Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc a Faransa. Matasan daraktocin ƙasar, irin su Jean-Luc Godard, suka yaba masa matuƙa, har masana tarihin silima na lissafa shi cikin finafinan da suka share fagen sabon salon da ya mamaye Faransa daga 1959. Sai dai sunan wa aka rubuta a matsayin mai fim? Na Rouch. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Ba ina cewa Rouch mugu ba ne. Mutumin ya ƙaunaci Nijar, ya taimaki 'yan fim ɗinta da dama, a ƙasar ma ya mutu, cikin haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairun 2004, aka kuma binne shi a Yamai. Amma ƙauna daban, mallaka daban. Usman Sembene na Senegal, wanda shi ma tsohon sojan Faransa ne kuma tsohon ɗan dako a tashar Marseille, ya taɓa fuskantar Rouch a 1965 da zargin cewa irinsu suna kallon 'yan Afirka ne tamkar yadda masani ke nazarin ƙwari. Shi kansa Umaru daga baya bai ɓoye cewa bai gamsu da yadda aka nuna rayuwarsa a fim ɗin ba.

Abin da ya yi game da wannan rashin gamsuwa shi ne dalilin da ya sa nake ganin ya cancanci a tuna da shi. Da wani ne, da sai ya zauna yana cin albarkacin sunan Robinson har ƙarshen ransa, ana gayyatarsa taro yana ba da labarin yadda Bature ya gano shi. Shi kuwa sai ya koma Yamai, ya shiga ƙungiyar masu sha'awar silima ta Cibiyar Al'adun Faransa da Nijar, ya zama mataimakin ma'aikacin na'ura, ya koyi aikin tun daga tushe. A 1968 ƙungiyar ta shirya gasar rubuta labarin fim, ya shiga da labarin da ya daɗe yana ci masa rai. Daga nan aka samu Cabascabo, fim na minti 45, baƙi da fari, cikin harshen Zabarmanci. Shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ya fito a matsayin jarumin.

Labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Indo-Cina da 'yan kuɗin sallama a aljihu. Abokai da maroƙa da matan bariki suka yi masa caa, ana kirari, ana shagali, yana ba su labarin fagen fama. Da kuɗi suka ƙare, kowa ya kama gabansa. Ya nemi aikin da ya dace da wanda ya taɓa sa kaki, bai samu ba, ya gangara aikin lebura, nan ma girman kai da raini suka hana shi sakat. Daga ƙarshe ya saɓa kayan aiki a kafaɗa ya nufi karkara. Wato labarin da Rouch ya taɓo a cikin 'yan mintuna, shi ne mai shi ya karɓe ya faɗa da bakinsa, cikin harshen uwarsa, kuma bai tausaya wa kansa ba wajen nuna wautar sojan da almubazzarancinsa. An nuna fim ɗin a bikin Cannes na 1969, ya kuma samu lambar yabo a bikin Mosko na wannan shekara. A nan ƙasar, marigayi Usman Baba Pategi, Samanja, wanda ya rasu a Kaduna a 2023, shi ma daga bariki ya shigo wasan kwaikwayo, ya mai da rayuwar soja abin dariya mai ma'ana. Umaru ya ɗauki ɓangaren da ba a yi wa dariya, wato ranar da aka tuɓe kakin.

Bayan ya gama da Faransa sai ya juyo gida, kuma a nan ne jarumtarsa ta fi fitowa fili. Fim ɗinsa na biyu, Le Wazzou polygame, kalmar farko ta sunansa ita ce wa'azin nan da muka sani. Wani attajiri ne ya dawo daga Makka da laƙabin Alhaji, yana da mata biyu, ya ƙyalla ido a kan Satu, yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi mai suna Garba alkawarinta. Kuɗi suka yi magana, iyaye suka sauya ra'ayi, Garba ya bar gari. Matar Alhaji ta biyu, wadda kishi ya rufe wa ido, ta ƙudura kashe amarya a daren biki, sai ta kuskure ta hallaka ɗaya daga cikin ƙawayen amaryar. Wanda ya kalli fim ɗin da idon basira zai ga ba aikin Hajji ake zargi ba, ba kuma halaccin auren mace fiye da ɗaya ake ja da shi ba. Abin da ake tuhuma shi ne mutumin da ya mai da rawani da laƙabi tsanin biyan buƙatarsa, da iyayen da suka sayar da alkawari. Da wannan fim ne a 1972 ya ci kyautar Dokin Yennenga a bikin FESPACO na Wagadugu, shekarar farko da aka fara bayar da ita. Tun daga ranar Nijar ba ta sake ɗaukarta ba. Nijeriya kuwa, duk da yawan finafinanta, sai a 2007 ta samu, ta hannun Newton Aduaka da fim ɗinsa Ezra.

Saitane, wato Shaiɗan, ya biyo baya, inda ya tone asirin wani malamin tsibbu da ya zama kawali tsakanin matar aure da wani mai kuɗi. Ina tambayar kaina, da wani furodusa ya kai irin waɗannan labarai biyu gaban hukumar tace finafinai ta Kano a 2008, shekarar da aka ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro, shin da sun fita? Kuma laifin ba na hukuma kaɗai ba ne. Masu sana'ar da kansu sun fi samun sauƙin aro daga Indiya, domin rawa da waƙa a gindin fulawa ba sa ɓata wa kowane Alhaji rai. Tun daga Turmin Danya na 1990 an yi dubban finafinan Hausa, cikinsu akwai masu kyau ƙwarai, amma nawa ne suka dubi mai rawani ko mai allo ido da ido kamar yadda wannan Bazabarme ya yi shekara hamsin da suka wuce?

Kada kuma a ɗauka hanyar ta kasance masa shimfiɗaɗɗiya. A zamaninsa gidajen silima na ƙasashen rainon Faransa suna hannun wasu kamfanonin Faransa guda biyu, COMACICO da SECMA, waɗanda suka fi son cika allo da finafinan kaboyi da na Indiya masu arha. Sakamakon haka, finafinan irin su Umaru da Mustapha Alassane sun fi samun masu kallo a bukukuwan Turai fiye da a Maraɗi ko Damagaram, kuma sana'ar ba ta azurta kowa ba. Zalika Sule, wadda ta fito a manyan finafinansa kuma ta sha tsangwama saboda irin matan da take kwaikwaya, wani fim na tarihi da Rahmatu Keita ta yi a 2004 ya nuna ta cikin ƙuncin rayuwa a Yamai. Ta rasu a 2021.

Fim ɗinsa na ƙarshe, L'Exilé, ya fito a 1980. Daga tatsuniya ya ɗauko shi, kuma jigonsa nauyin magana ne: wasu samari biyu suka furta cewa sun yarda a sare kawunansu in dai za a aura musu 'ya'yan sarki, sarki ya ji, ya aura musu, da wa'adi ya cika kuma ya nemi a cika alkawari. Shi ne mafi tsawo a ayyukansa, kuma ya nuna mutumin ya fara shiga wani sabon babi na tono hikimar gargajiya. Bai yi shekara da fitar da shi ba ajali ya cim masa. Gwamnatin Nijar ta sa sunansa a babbar cibiyar al'adu ta Yamai, masu shirya FESPACO kuma suka ƙirƙiro Kyautar Umaru Ganda, wadda aka keɓe wa daraktan da fim ɗinsa na farko ya fi na sauran sababbin shiga.