Alphonse Pénaud

Charles-Alphonse Pénaud (an haife shi a ranar 31 ga watan Mayu, 1850, ya mutu a ranar 22 ga watan Oktoba, 1880) ɗan ƙasar Faransa ne, mai ƙirƙira kuma mai bincike a kan tashin jiragen sama. An fi saninsa da ƙaramin jirgin gwaji mai suna Planophore, wanda ya ƙera a shekarar 1871 yana ɗan shekara 21. Masana tarihin jiragen sama na ɗaukar wannan samfuri a matsayin jirgi mai farfela na farko da ya iya daidaita kansa a cikin iska ba tare da hannun kowa ba. Shi ne kuma ya yaɗa amfani da murɗaɗɗiyar roba wajen juya farfelar ƙananan jirage, dabarar da ɗalibai da masu gasa suke amfani da ita har yau. Bai taɓa tashi a cikin jirgin da ya zana ba, domin ya mutu yana da shekara 30 kafin a samu mai ɗaukar nauyin ƙera shi.

Farkon rayuwa

An haifi Pénaud a birnin Paris, a gidan sojojin ruwa. Mahaifinsa, Charles Pénaud, babban hafsa ne a rundunar ruwa ta Faransa, kuma shi ma yaron ya so ya gaji wannan aiki. Sai dai wani ciwon kwatangwalo da ya same shi tun yana matashi ya hana shi shiga makarantar sojan ruwa, ya kuma bar shi yana tafiya da sandunan dogarawa har ƙarshen rayuwarsa. Daga nan ya mayar da hankalinsa ga lissafi da nazarin yadda tsuntsaye suke tashi.

A wancan zamani, hanya ɗaya da ɗan Adam yake hawa sama ita ce balan-balan. Lokacin da sojojin Jamus suka yi wa Paris ƙawanya a yaƙin 1870 zuwa 1871, balan-balan fiye da 60 ne suka fita daga birnin da wasiƙu da mutane, amma iska ce take zaɓa musu inda za su sauka. Pénaud yana cikin tsirarun da suka yi imani cewa makomar tafiya a sama tana ga na'ura mai fiffike wadda ta fi iska nauyi.

Murɗaɗɗiyar roba

Babbar matsalar masu gwaji a lokacin ita ce rashin injin da yake da ƙarfi kuma ba shi da nauyi. Wasu sun gwada injin tururi, wasu sun gwada ƙarfen cikin agogo, amma nauyin injin yakan rinjayi ƙarfinsa. Pénaud ya lura cewa idan aka murɗa zaren roba sau da yawa, yakan ajiye ƙarfi mai yawa idan aka kwatanta da nauyinsa, sannan ya sake shi a hankali yana warwarewa.

A shekarar 1870 ya yi amfani da wannan dabara ya ƙera ƙaramin jirgi mai saukar ungulu. Yana da farfela biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kowace tana juyawa saɓanin 'yar uwarta domin kada jikin jirgin ya riƙa wulwulawa. Tun a 1784 wasu Faransawa biyu, Launoy da Bienvenu, sun nuna makamancinsa mai aiki da baka, amma na Pénaud ya fi sauƙin yi. Ba a daɗe ba masu sana'a suka fara kwaikwayonsa suna sayarwa a matsayin abin wasan yara.

Planophore

A ranar 18 ga watan Agusta, 1871, Pénaud ya gwada sabon samfurinsa a lambun Tuileries da ke tsakiyar Paris, a gaban 'yan ƙungiyar masu nazarin tafiya a sararin sama ta Faransa. Wata uku ke nan da ƙone fadar da ke bakin lambun a rikicin da ya biyo bayan yaƙi. Jirgin ya yi tafiyar mita 40 a cikin sakan 11, sannan ya sauka lafiya.

Samfurin ba shi da girma. Jikinsa sanda ce guda mai tsawon kimanin santimita 51, faɗin fukafukansa kimanin santimita 46, nauyinsa duka kusan giram 16, kuma giram 5 daga ciki nauyin roba ne. Farfelarsa mai baki biyu tana baya, tana tura shi gaba. Abin da ya bambanta shi da na magabata shi ne amsar da ya ba wa tambayoyi biyu da suka daɗe suna kayar da samfura ƙasa.

Ta farko ita ce yadda za a hana jirgi dungurawa da hanci ko miƙewa sama har ya rasa gudu. Pénaud ya sa ƙaramin fiffike a bayan babban, ya kafa shi da kusurwar da ta gaza ta babban fiffiken. Idan hancin jirgi ya ɗaga fiye da kima, iska takan bugi wutsiyar ta ƙasa ta ɗaga bayan jirgin, sai hancin ya dawo. Idan kuma hancin ya sunkuya, iska takan danne wutsiyar, sai hancin ya tashi. Wannan tsari ne daga baya aka riƙa kira wutsiyar Pénaud.

Ta biyu ita ce yadda za a hana shi kifewa gefe. Sai ya lanƙwasa bakin fukafukan biyu sama kaɗan. Idan jirgin ya karkata ya fara zamewa gefe ɗaya, fiffiken da ke ƙasa yakan samu ɗagawar iska fiye da ɗan uwansa, sai jirgin ya miƙe da kansa. Baturen Ingila George Cayley ya riga ya gano tushen waɗannan ƙa'idoji tun farkon ƙarni na 19, amma an kusa mantawa da aikinsa. Pénaud ya kai ga amsar ta hanyar nasa gwaje-gwajen, kuma yana cikin waɗanda suka sake fito da rubuce-rubucen Cayley ga masu karatu a Faransa.

A shekarar 1872 ya ƙera wani samfurin mai kaɗa fukafukai kamar tsuntsu, shi ma da roba. Ya kuma riƙe muƙamai a ƙungiyar tasu, yana rubutu a mujallarta mai suna L'Aéronaute.

Babban jirgin 1876

Burin Pénaud shi ne jirgin da zai ɗauki mutum. A shekarar 1876 shi da wani makaniki mai suna Paul Gauchot suka yi rajistar haƙƙin mallakar zanen wani jirgi mai ɗaukar mutum biyu, wanda zai iya sauka a ƙasa ko a kan ruwa. Zanen ya ƙunshi farfela biyu a gaba masu juyawa saɓanin juna, da ƙafafun sauka da ake naɗewa bayan tashi, da rumfar gilashi a kan mazaunin matuƙi, da sanda guda ta sarrafa jirgin, da na'urori irin su kamfas da ma'aunin nauyin iska don sanin tsawon da aka kai. An ƙiyasta nauyinsa zai kai kilo 1,200, gudunsa kuma kusan kilomita 96 a awa. Yawancin waɗannan abubuwa sai bayan shekaru masu yawa suka zama ruwan dare a jiragen sama.

Ba a ƙera jirgin ba. Babu injin da ya dace da shi a lokacin, kuma babu wanda ya yarda ya zuba kuɗinsa a kai.

Mutuwa

Rashin samun tallafi, ga kuma ciwon da ya ƙi barinsa, sun jefa Pénaud cikin matsananciyar damuwa. Ya kashe kansa a ranar 22 ga watan Oktoba, 1880, yana da shekara 30.

Tasirinsa

A shekarar 1878, a Amurka, wani limamin coci mai suna Milton Wright ya kawo wa 'ya'yansa biyu tsarabar ƙaramin jirgi mai saukar ungulu da aka yi da takarda da gora da roba bisa tsarin Pénaud. Wilbur yana da shekara 11, Orville kuma 7. Sun yi wasa da shi har ya lalace, sannan suka ƙera nasu. Da suka gwada yin manya, sai suka ga ba sa tashi da kyau. Dalili shi ne idan aka ninka girman samfuri sau biyu ta kowane ɓangare, faɗin fiffikensa yakan ƙaru sau huɗu, nauyinsa kuwa sau takwas. Waɗannan 'yan uwa ne suka tashi da jirgi mai inji a Kitty Hawk a ranar 17 ga watan Disamba, 1903. Tashinsu na farko mita 37 ne a cikin sakan 12, wato bai kai nisan da Planophore ya yi ba shekara 32 kafin nan.

Shi ma masanin nan na Amurka Samuel Langley da samfuran roba irin na Pénaud ya fara, kafin ya kai ga babban samfurinsa mai injin tururi da ya tashi a kan kogin Potomac a 1896. Octave Chanute kuma ya yi bayanin ayyukan Pénaud a littafinsa na 1894 a kan injinan tashi.

A fagen ƙananan jirage, gasar Kofin Wakefield da aka fara a Ingila a 1928 ta zama babbar gasar duniya ta jirage masu aiki da roba. Hukumar wasannin sararin sama ta duniya, FAI, tana ba da takardar yabo mai ɗauke da sunan Pénaud ga fitattun masu wannan fasaha. Akwai kuma gasannin ɗaliban jami'a, irin su SAE Aero Design a Amurka da Air Cargo Challenge a Turai, inda ɗalibai suke zana ƙaramin jirgin dakon kaya, su ƙera shi, su gwada nauyin da zai iya ɗagawa. Jiragensu suna da injina na zamani da na'urar sarrafawa daga nesa, amma ɗora kaya yana sauya inda nauyin jirgi yake taruwa, don haka dole su daidaita fiffike da wutsiya bisa ƙa'idar da Pénaud ya nuna a lambun Tuileries.